Yadda Na Sa Aka Tuɓe wa Mai Kunne Riga

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a shekarar farko ta korona ba, ranar da ina zaune kan kujerar roba a unguwar Kampung Baru cikin birnin Kuala Lumpur, na yi wa mahaifina ɓarnar da kuɗi ba sa gyarawa, shi kuwa yana can ƙauyenmu ta wajen Ningi. Ban taɓa komai da hannuna ba. Da baki na yi ta, ta waya, da ƙarfin digirin da a lokacin ko karɓarsa ban yi ba.

Karatun digiri na uku ne ya kai ni Malesiya, a fannin kimiyyar ƙarafa. Muna zaune da matata, Maman Amira, a wani ɗan gida a hawa na goma sha huɗu a Pantai Dalam, inda jirgin ƙasa ke wucewa ta ƙasanmu kamar yana bin mu bashin barci. A gida kuwa tun ranar da na taka jirgin sama aka fara kira na Dakta (ban taɓa gyara wa kowa ba, Allah ya yafe mini). Mutum ɗaya ne ba ya kira na haka, shi ne Baba. Sunan mahaifinsa aka sa mini, don haka bai taɓa faɗin sunana ba. Babana yake ce mini tun ina cikin zanen goyo.

Shi wannan kakan nawa maharbi ne, kuma abin da ya bari a duniya da za a iya ɗagawa da hannu bai wuce bindigarsa ba. Mai baki biyu ce, ta zamanin da, irin wadda ke da wasu ƙarafa biyu a tsaye a samanta, waɗanda sai an ja su baya da babban yatsa kafin a danna kunama. Sun yi kama da kunnuwan zomo, shi ya sa kowa a gidanmu yake ce mata Mai Kunne. A wuyanta, wato wurin da hannun dama ke kamawa tsakanin kunnuwan da gindi, akwai fata a naɗe, baƙa wuluk, ta bushe ta zama kamar itace. Ita muke kira rigarta. Shekarun riƙo sun sa yatsun Kaka sun yi gurbi a jikin fatar, huɗu a gefe ɗaya, babban yatsa a sama.

Baba tela ne. Ko kurciya bai taɓa harbi ba. Yana ɗan saurayi Kaka ya rasu, kuma babu hotonsa ko ɗaya. Amma duk Juma'a idan ya sauko daga masallaci sai ya sauke Mai Kunne daga bango, ya goge ta da tsumma, ya shafa mata man kaɗe, sannan ya sa hannunsa cikin gurbin nan ya riƙe ta na ɗan lokaci. Muna yara mun ɗauka wasan harbi yake yi. Sai da na girma na gane cewa nan kaɗai ne wurin da ya rage masa da zai gaisa da ubansa. Kuma akwai wasiyya guda a kanta: Kaka ya ce kada a kuskura a cire fatar nan. Bai faɗi dalili ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Matan gida suka ce asiri ne, wasu suka ce laya ce a ƙarƙashi, Baba dai ya riƙe maganar kusan shekara hamsin.

To sai korona ta zo. Aka rufe ɗakin gwaje-gwajenmu, aka kafa shingaye a tituna, mutum ɗaya kawai ake bari ya fita cefane a kowane gida. Maman Amira ta samu abin yi, don girki da karatun yarinya ba su san kulle ba. Ni kuwa na zama kayan ɗaki. In tashi daga kujera in koma gado, in tashi daga gado in leƙa firij in ga ko wani abu ya haifu a ciki.

Ana cikin haka wata rana muna hira da yayana, Yaya Sale, ya ce mini kafin a rufe hanyoyi wani dillalin tsofaffin kaya ya zo gari yana sayen takubba da tasoshin da, har ya taya Mai Kunne kuɗin akuya biyu, Baba ya sallame shi da dariya. Da mai hankali ne aka ba wannan labari, dariya zai yi ya wuce. Ni sai na ce a turo mini hotunanta.

Sati uku na yi ina karatun tsofaffin bindigogi kamar wanda za a yi wa jarrabawa. Na bi shafukan masu gwanjo, na kalli tsofaffin Turawa suna juya bindiga a hannu suna magana a hankali kamar masu jinya. Na fahimci cewa abu uku ke sa irin wannan bindiga ta yi daraja: wanda ya ƙera ta, tambarin da aka buga mata a ƙasar da aka gwada ta, da kuma yadda ta tsufa. Na farkon na kama da hannu biyu, sauran na karanta su da ido ɗaya. Don a cikin hotunan Yaya Sale, a kan ɗan ƙarfen da ya raba bakunan biyu, na hango an rubuta sunan birnin Landan. Nan take na yanke hukunci: bindigar wani babban Bature ce, aikin hannun manyan maƙeran Ingila, irin wadda kuɗinta ke sayen gida. Abin da ya rage kawai shi ne sunan maƙerin. Na duba ko'ina a hotunan ban gan shi ba, saboda haka, a ilimina, yana ƙarƙashin fatar. Har na ƙawata wa kaina wani ɗan faifan azurfa a wurin, mai ɗauke da sunan mai ita na farko.

Bari in faɗi gaskiya a nan, tunda tonon silili na zo yi wa kaina. Ba kuɗin ne suka fi ja na ba, don na san ko nawa aka kawo Baba ba zai sayar ba. So nake a ce ni na gano. Shekara huɗu ina ƙasar waje, duk sanda Baba ya tambaye ni me nake bincikawa sai in yi ta kame-kame, shi kuma ya ce Allah ya taimaka. Ina son rana ɗaya karatuna ya shiga ɗakinsa ya yi wani amfani da zai gani da idonsa.

Maman Amira ta gaji da jin labarin bindiga a kan abinci. Ranar da na gaya mata shirina na cire fatar, tana yankan albasa, ko juyowa ba ta yi ba.

"Abban Amira, a bar kaza cikin gashinta. Tsohon nan ya ce kada a taɓa, me zai rage ka in ka bari?"

Na ce mata bambancin mai bincike da wanda ba mai bincike ba kenan. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da albasarta.

Akwai wani dattijo da na sani a Kampung Baru, Pakcik Daud (a Malayanci pakcik kamar a ce baffa ne). Matarsa ke sayar da nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa, shi kuma yana zaune gefe yana naɗe ta a ganyen ayaba. Kafin tsufa ya zaunar da shi, shekaru ya yi yana gyaran bindigogin manoman da hukuma ta ba izinin korar aladun daji daga gonakinsu. A ƙasar da ko harsashi ɗaya aka gani a aljihunka ka shiga uku, samun mutum irinsa ba ƙaramin dace ba ne. Da aka sassauta kulle na je wurinsa sayen abincin da zan tafi da shi gida, abin da suke kira tapau, na nuna masa hotunan. Ya kusantar da wayar, tabaransa na yin tururi saboda takunkumi, ya daɗe yana kallo. Ya ce boleh, wato ba matsala, in kira gida ranar Laraba bayan la'asar ya gan ta da kyau. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce kafin nan kada kowa ya taɓa mata komai.

Na ji shi sarai. Sai dai na ɗauka wannan doka ce ta jahilai, ba ta shafi irinmu ba. Kuma ina son in je masa da aikin a gama, shi nasa kawai ya sa hannu.

Ranar Litinin na fara da ƙarfen. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, da wani zane-zane a murɗe kamar igiyar ruwa. Na kalle shi ta waya na ce tsatsa ce. Na sa Yaya Sale ya samo toka da lemon tsami da soson ƙarfe, inda ya ƙi fita na ce ya bi da samfefa. Bawan Allah ya bar gonarsa ana tsakiyar noman farko, ya zauna yana dirza har sai da bakunan biyu suka yi fari fat kamar sabuwar tukunya. Na yaba masa ƙwarai.

Talata ce ranar fata, kuma ita dole sai da yardar Baba. Na yi masa lacca ta kusan rabin awa. Na yi maganar camfi, na yi maganar ci gaban zamani, da na ga bai motsa ba sai na jawo addini (wannan ya fi komai ci mini rai yanzu), na ce in ma laya ce a ciki ai gara a fitar da ita daga gidan Musulmi. Yana zaune kan tabarma, bindigar a kan cinyarsa, hannunsa a cikin gurbin. Bai yi musu da ni ba. Ya tambaye ni sau ɗaya ko na tabbata babu wata hanya. Na ce masa ƙarfe fannina ne.

Can sai ya ce, "To, Babana. Shi ya ɗaura, kai mai sunansa ka ce a kwance. A kwance."

Ya miƙa wa Yaya Sale, ya tashi. Daga baya na ji cewa waje ya fita ya zauna gindin darbejiya har aka gama.

Fatar ba ta fita ta daɗi ba. Reza ta karye, aka koma wuƙa, ita ma sai guntu-guntu take ɓamɓarowa. Ina ta cewa a ci gaba, an kusa. Da aka gama sai ga itace kawai. Babu suna, babu azurfa, babu laya. Sai wani baƙin abu mai danƙo kamar ƙaro da ya lulluɓe wurin, na ce datti ne, a kankare shi tas. Yaya Sale ya kankare, ya kawo wayar kusa, ya ce shi fa kamar yana ganin wata tsaga ta zagaye wuyan. Hoton yana ta daddatsewa, ban ga komai ba, amma hakan bai hana ni amsawa ba. Na ce masa jijiyar itacen ce, itacen Turai haka yake.

Ya kamata rashin sunan nan ya sanyaya mini jiki. Ina, sai na ce manyan maƙera ba sa cika rubuta suna, aikinsu ke magana. Na sa aka sanar da dangi cewa gobe da safe wani gwani zai duba Mai Kunne daga Malesiya.

Laraba na sa shaddata ta Sallah da hula, na ɗora takunkumi, na hau jirgi zuwa Kampung Baru. La'asar ɗinmu hantsin gida ne. Na jingina wayar da gwangwanin madara a kan teburin Pakcik Daud, muka bar kujera ɗaya tsakaninmu saboda doka. Da hoto ya buɗe sai na ga an shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanmu. Ga Baba, ga Yaya Sale, ga maƙwabta, ga mata sun cika bakin ƙofa, ga kuma Baffa Isa, ƙanen Baba, tsohon hedimasta, ya gyara zama a gaba. Na yi gabatarwa mai tsawo, na ce ni zan yi tafinta tunda dattijon Turanci yake yi gauraye da Malayanci.

Yaya Sale ya ɗago bindigar tana walƙiya a rana. Pakcik Daud ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya tambaya wa ya yi mata haka. Na ce ni na ba da umarni, har da ɗan sunkuyar da kai irin na mai jiran yabo. Ya juyo ya dube ni, ya ce in tuna masa me nake karanta. Na ce ƙarafa.

Ya ce, "Ya Allah," a hankali.

Sannan ya yi bayani, ba faɗa, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ce zanen da na goge ba tsatsa ba ne. Maƙeran da sukan murɗa ƙarfe iri biyu su naɗe su a jikin sanda su yi ta duka har su zama bakin bindiga, zanen nan shi ne sawun murɗin. Launin ƙasa-ƙasan kuma da gangan ake yi mata shi don ya kare ta ya kuma fito da zanen. Ya ce masu sayen tsohuwar bindiga wannan suke fara dubawa, kuma wadda aka dirje ta rasa fiye da rabin darajarta. Abin takaicin, na san wannan. Yana cikin littafin da na taɓa koyar da ɗalibai da shi. Ban dai taɓa zaton zan gamu da shi a ɗakin Baba ba.

Jama'a suna jiran fassara. Na gyara murya na ce dattijo ya ce ƙarfen na asali ne, mai kyau ƙwarai, sai dai gogewar ta ɗan yi yawa. Baffa Isa ya ɗaga hannu kamar yana aji.

"A'a Dakta, ba haka ya ce ba. Cewa ya yi an lalata ta."

Na manta shekara talatin ya yi yana koyar da Turanci. Daga nan muka koma tafinta biyu, ni ina rufewa, shi yana buɗewa.

Don in ceci abin da ya rage, na kawo maganar Landan da sunan maƙeri. Pakcik Daud ya ce ba a saman bindiga ake gane asalinta ba, a ƙasan bakunan ake dubawa, sai an raba su da jikinta. Ina shirin cewa a nemo maƙeri, sai Baffa Isa ya fassara, Baba ya miƙa hannu aka ba shi. Ya tura wani ɗan ƙarfe da yatsa, itacen gaba ya fita, ya buɗe ta, ya ɗaga bakunan biyu suka rabu da jikinta. Duka bai kai tsawon sallama da amsawa ba. Ya juyo da ƙasansu wajen waya.

"Wannan ɗan ƙwan ake nema? Ai duk Juma'a sai na goge shi."

Ga shi nan ƙuru-ƙuru, wani ɗan da'ira mai siffar ƙwai da haruffa uku a ciki. Asalin nata da na yi sati uku ina nema, na sa aka yanka fata saboda shi, yana wurin da ake buɗewa da yatsa ɗaya, kuma mutumin da ya san wurin ban taɓa tambayarsa ba.

Pakcik Daud ya yi murmushi irin na wanda ya ga ɗan garinsu. Ya ce tambarin Beljiyam ne. An ƙera irinta ba adadi, kantunan Turawa suka bazu da su ƙasashen da suka mulka, ana rubuta Landan a sama don ta shiga kasuwa. Ya ce mahaifinsa ma yana da 'yar'uwarta. Kunnuwan da na ɗauka shaidar sarauta ne, ya ce an daɗe ana yin masu araha da su saboda kowane maƙerin ƙauye zai iya gyara su. Bindigar talaka ce mai amana. Kuɗinta kafin a dirje ta ba zai wuce na ragon layya mai kyau ba. Ya sa Baba ya rataya bakunan a yatsa ya ƙwanƙwasa su da ɗan itace, suka yi ƙara tangaran. Ya ce a gaya wa mai ita cewa bai taɓa ganin wadda aka riƙe da kyau irin wannan ba. Wannan kam na fassara daidai.

Baba ya ji daɗi, na gani a fuskarsa. Ya fara mayar da ita. A lokacin ne Pakcik Daud ya tuna, ya ce a hoton da na nuna masa akwai fata a wuyanta, ina take? Na ce na sa an cire. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa wayar, ya dubi wuyan, sai ya kama hannuna, doka ko ba doka ba. Ya ce da sauri in gaya wa Baba kada ya rufe ta da ƙarfi, wuyan a karye yake. Da Malayanci ya faɗa, saboda haka Baffa Isa bai ji ba. Ni kaɗai na ji.

Kalma biyu ake bukata: Baba, tsaya. Amma ni a lokacin lissafi nake yi, ina neman yadda zan jera maganar ta fito ba tare da an tuna cewa jiya na ce jijiyar itace ce ba. Ban wuce numfashi biyu ina wannan lissafi ba. Baba ya ɗaga bakunan ya rufe ta ƙas, kamar yadda ya saba yi duk Juma'a. Gindin ya zauna a hannunsa na dama, sauran bindigar ya tafi da hannun hagu.

Ina jin zakara na cara a tsakar gidanmu, a nan kuma matar Pakcik Daud ta tsaya da ludayi a hannu. Baba yana kallon gutsuren biyu, ya haɗa su, suka rabu, ya sake haɗawa.

Pakcik Daud ne ya yi magana, Baffa Isa ya fassara. Ya ce bindigar ta daɗe da karyewa a wurin, tun zamanin Kaka. Shi ya haɗa ta da ƙaro, ya naɗe da ɗanyar fata tana jiƙe, ya ɗinke. Ɗanyar fata in ta bushe sai ta tsuke ta kama kamar ƙarfe. Ya ce babu gyaran da ya fi wannan ga mutumin da ke daji ba shi da maƙera, kuma wanda ya yi shi gwani ne, tunda ga shi ya riƙe fiye da shekara sittin. Ya ƙara da cewa in da wani abu mai daraja a jikin bindigar nan, to fatar ce.

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce ya tuna mahaifiyarsa ta taɓa ba shi labarin shekarar da ɓauna ta tumurmushe Kaka, ya dawo gida da karyayyen haƙarƙari da fatar ɓaunar. Ya shafa bakin karayar da yatsa.

"Ashe tare suka karye," in ji shi. "Shekara hamsin ina riƙe da maganarsa ban san dalili ba. Yau na sani."

Ya yi wa dattijon godiya, ya ce a gaishe da iyali, ya tattara Mai Kunne ya shiga ɗaki. Ko kallon wayar bai sake yi ba.

Pakcik Daud ya naɗe mini shinkafa ƙunshi uku ya ƙi karɓar kuɗi, ya dafa kafaɗata ya ce in je in ci abinci tukuna. A jirgi na gode wa Allah da takunkumi, don ya rufe mini rabin fuska. Da na shiga gida Maman Amira ta dube ni, ta dubi shaddar, ta karɓi ledar.

"An fige kazar?"

Na ce har an karya mata wuya. Ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta ga idona, ta fasa. Ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, kuma wannan bashi ne da har yau ban biya ba.

Na kira Baba washegari, da jibi, da gata. Kullum sai ya tambayi Amira, ya tambayi karatu, ya ce a kula da cutar nan. In na ɗauko maganar sai ya ce ya wuce. Da zagina ya yi da na samu sauƙi. Yaya Sale ne ya ɗauke masa wannan nauyi, don har yau Dakta Samfefa yake kira na, sunan kuma ya bi gari. An kai Mai Kunne wurin wani baduku ya naɗe ta da sabuwar fata kamar yadda Pakcik Daud ya kwatanta, ta kuma kama da kyau.

Sai bayan kusan shekara biyu, da aka buɗe iyakoki, na samu zuwa gida, da digirina na gaske a jaka. Juma'ar farko muka dawo daga masallaci tare, na bi shi ɗaki na zauna. Mai Kunne na rataye a bango, bakinta fari, wuyanta sanye da jar fata sumul, ba gurbin kowa a jiki. Na jira ya sauke ta. Bai ko ɗaga kai ba. Hannu ya sa ƙarƙashin matashi ya ciro wani tsohon gwangwanin maɓallai na aikin ɗinkinsa. Ashe ranar da aka yi yankan, bayan kowa ya watse, ya bi ƙasa ya tsince guntayen. Ya zaɓo ɗaya wanda bai kai faɗin tafin jariri ba, ya ɗiga masa man kaɗe, ya ɗora babban yatsansa a kai. Yatsan ya zauna daram.

"Na babban yatsan ne ya tsira," ya ce.

Na durƙusa na ce ya yafe mini. Na shirya jawabi tun daga jirgi, amma iyakar abin da ya fito kenan. Ya rufe gwangwanin ya mayar.

"Me zan yafe, Babana? Ai ni na ce a kwance."

Wannan magana ita nake ɗauke da ita har yanzu. Laifin nawa ne tun daga toka har wuƙa, amma shi ya ɗora wa kansa, kuma na san duk Juma'a sai ya sake ɗorawa.

Yanzu ina koyarwa a jami'a, mutane kan turo mini hoton tsohon takobi ko tasa su ce Dakta duba mana ko wannan zai yi kuɗi. Amsata ɗaya ce: kada a wanke, kada a kankare, a nemo wanda ya fi kowa tsufa a gidan a tambaye shi abin da aka ce kada a yi mata. In ya faɗa kuma bai san dalili ba, a bar shi a haka. Ni na taɓa matsawa sai na ga dalili, na kuwa gan shi, gida biyu, a hannun mahaifina.